Shimfiɗar Hanyoyin Iska da Garkuwar Jiki: Tambayoyi da Amsoshi kan Kumburin Huhu

Shekaru masu yawa likitoci da masu bincike suna ɗaukar siririyar shimfiɗar da ta lulluɓe cikin hanyoyin iska a matsayin katanga kawai, wadda ba ta da wani aiki illa tare ƙura da ƙwayoyin cuta, suna kuma ganin ƙwayoyin garkuwar jiki su ne masu ji da gani da yanke hukunci. Binciken da aka tara daga wajen shekarar 2000 zuwa yau ya sauya wannan fahimta. Yanzu an tabbatar cewa ƙwayoyin wannan shimfiɗa su ne ke fara jin abin da ya shigo tare da numfashi, su ne ke fara kai rahoto, kuma irin rahoton da suka kai shi yakan sa huhu ya yi shiru, ko ya yi yaƙi daidai gwargwado, ko kuwa ya faɗa cikin kumburin da ba ya jin magani.

Mece ce wannan shimfiɗa, kuma waɗanne ƙwayoyi ne suka haɗu suka yi ta?

Tun daga cikin hanci, a gangaro ta maƙogwaro, a bi rassan bututun iska da ke ta rarrabuwa har zuwa ƙananan jakunkunan iska inda jini ke karɓar iskar oksijin, akwai ƙwayoyin halitta da suka jeru kafaɗa da kafaɗa suka rufe bangon ciki gaba ɗaya. Masana suna kiran wannan jeri epitiliyam, a nan kuwa za mu kira su ƙwayoyin shimfiɗa. Babban mutum yana shaƙar iska kimanin lita 10,000 a kowace rana, kuma duk abin da iskar ta ɗebo, a kan waɗannan ƙwayoyi yake fara sauka.

Ba iri ɗaya ba ne. Mafi yawa a manyan bututun su ne masu geza, waɗanda kowace ɗaya ke ɗauke da siraran gasu wajen 200 a kanta, suna kaɗawa sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa guda, duk suna tura majina sama zuwa maƙogwaro inda ake haɗiye ta ba tare da an sani ba. A tsakaninsu akwai masu zubo majina, wadda ginshiƙanta furotin biyu ne, MUC5AC da MUC5B. A can ƙasan jerin kuma akwai ƙwayoyin tushe, waɗanda su ne iyaye: idan sauran suka mutu, daga gare su sababbi ke fitowa. Akwai kuma wasu tsiraru da ba a daɗe da gane muhimmancinsu ba, kamar ƙwayoyi masu tukku da ke ɗanɗanar abin da ya shigo, da wasu da aka gano a shekarar 2018 waɗanda suka ƙware wajen fitar da sinadaran gishiri. A cikin jakunkunan iska kuwa iri biyu ne: shimfiɗaɗɗu masu siranta da suka rufe kusan kashi 95 cikin 100 na filin, da kuma dunƙulallu masu fitar da maiƙon da ke hana jakunkunan mannewa idan an fitar da numfashi.

Me ake nufi idan aka ce ƙwayoyin jiki suna aika wa juna saƙo?

Ana nufin wata ƙwaya ta saki ƙaramin furotin, shi kuma ya je ya dace da wani makarɓi a jikin wata ƙwayar kamar yadda mabuɗi ke dacewa da kwaɗonsa, sai ƙwayar da ta karɓa ta sauya halinta: ta taso, ko ta hayayyafa, ko ta fara fitar da nata sinadaran. Waɗannan furotin ana kiransu saitokin, kuma da yawansu lamba suke amsawa maimakon suna, shi ya sa za a ga IL-5 da IL-13 da IL-33. Akwai rukuninsu da ake kira kemokin, waɗanda aikinsu nuna hanya ne, domin ƙwayar garkuwa tana bin su daga inda suke kaɗan zuwa inda suka yi yawa har ta isa wurin da ake nemanta. Ƙwayar da ba ta da makarɓin wani saƙo ba za ta ji shi ba ko da ya kewaye ta.

Ta yaya ƙwayoyin shimfiɗa ke gane cewa abin da ya shigo yana da haɗari?

Hanya ta farko ita ce gane kamannin baƙo. Bakteriya da bairus da fumfuna suna ɗauke da wasu sassa da jikin ɗan Adam ba shi da su, kuma ƙwayoyin shimfiɗa suna da makarɓai na musamman masu gane waɗannan sassa. Makarɓin TLR4 yana jin wani sinadari na ɓawon wasu bakteriya, TLR3 da RIG-I da MDA5 kuma suna jin kayan gadon bairus a cikin ƙwaya. Gano aikin makarɓan dangin TLR shi ya sa aka ba Jules Hoffmann da Bruce Beutler kyautar Nobel a shekarar 2011, tare da Ralph Steinman wanda ya gano wani nau'in ƙwayoyin garkuwa da ake kira dendiritik. Da zarar makarɓi ya ji, sai ya tayar da wani furotin mai suna NF-kB, wanda ke shiga cibiyar ƙwaya ya buɗe ƙwayoyin gadon da ke haɗa saƙonnin kumburi.

Hanya ta biyu ta fi burge ni, domin a nan shimfiɗa ba ta damu da ko wane ne baƙon ba, ɓarnarsa take dubawa. Ƙwayoyin suna ɗinke da juna ta gefen sama da wasu furotin masu matsewa, ta yadda abin da ke saman shimfiɗa ba ya ratsawa ƙasa. Ƙananan ƙwarin da ke rayuwa cikin ƙurar katifa da matashi suna fitar da kashi mai ɗauke da wani sinadari, Der p 1, wanda ke yanka wannan ɗinki kamar almakashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma jiki ya mayar da tsagewar kanta ta zama alama. A shekarar 2003 masu bincike a Jami'ar Iowa ta Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin shimfiɗa suna sakin wani sinadarin gyara a samansu, alhali makarɓinsa yana can ƙasa da ɗinkin. Muddin shimfiɗa tana lafiya, su biyun ba sa haɗuwa. Ranar da ta tsage kuwa, sinadarin ya zubo ƙasa ya tarar da makarɓinsa, nan take aikin gyara ya fara ba tare da an jira umarnin kowa ba.

Waɗanne ne sinadaran kururuwa da ake yawan ambata a maganar asma?

Uku ne: IL-33 da TSLP da IL-25. An ba su wannan laƙabi ne domin shimfiɗa tana sakinsu da gaggawa idan ta ji rauni, kuma su ne ke kiran gangami.

IL-33, wanda aka bayyana aikinsa a shekarar 2005, yana da hali na dabam. Ba a jira sai masifa ta zo kafin a haɗa shi. Yana ajiye a cibiyar ƙwayoyin tushe da na jijiyoyin jini, kuma idan ƙwayar ta fashe ko ta galabaita sai ya fito cikin mintuna. Sinadaran yanka da ke jikin fumfuna da ƙwarin ƙura suna iya datse masa wutsiya, abin da ke ninka ƙarfinsa sau da yawa, wato makamin baƙon shi ne ke ƙara wa kururuwar amo. Jiki kuma ya yi masa linzami, domin cikin 'yan sa'o'i bayan fitowarsa iskar oksijin tana lanƙwasa shi ya kasa kama babban makarɓinsa, ST2, ban da wani ST2 ɗin na bogi da ke yawo yana cafke shi kafin ya isa ko'ina.

TSLP shi kuma malami ne. Yana zuwa wurin ƙwayoyin dendiritik, waɗanda ke zaune a ƙarƙashin shimfiɗa suna tsintar gutsattsarin abin da ya shigo, ya koya musu yadda za su gabatar da shi. Ƙwayar dendiritik da TSLP ya taɓa, idan ta kai gutsuren zuwa kaluluwa ta nuna wa ƙwayoyin garkuwa da ake kira ƙwayoyin T, sai ta karkatar da su zuwa tafarkin da ake kira kumburi nau'i na biyu, wanda asalinsa na yaƙi da tsutsotsi ne. IL-25 kuwa galibi daga ƙwayoyi masu tukku yake fitowa, kuma shi ma can yake turawa.

Dukansu uku suna haɗuwa a kan wasu ƙwayoyin garkuwa da aka bayyana a shekarar 2010, masu suna ILC2. Waɗannan ba sa buƙatar sanin baƙo tun da farko kamar yadda ƙwayoyin T ke buƙata, kururuwar kaɗai ta ishe su. Suna jin ta sai su kwararo IL-5, mai sa ɓargo ya haifo fararen ƙwayoyin jini masu suna iyosinofil ya turo su huhu, da IL-13, mai ƙara majina da sa tsokar bututu saurin tsukewa. Ƙwayoyin T da suka biyo baya suna ƙara IL-4, wanda ke sa a haɗa antibodin IgE, wato furotin ɗin garkuwa mai kama baƙo, shi kuma ya ɗare kan ƙwayoyin garkuwa masu suna mast ya zauna jiran ranar da baƙon zai dawo. Wannan ne ya bayyana abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, wato masu asmar da jininsu ke cike da iyosinofil amma gwajin alaji bai nuna komai a jikinsu ba: shimfiɗa da ILC2 suna iya tayar da wannan kumburi su kaɗai.

Idan bairus ne ya shiga, saƙon ɗaya ne?

A'a. Bairus ɗin mura da na mashaƙo da na korona duk a cikin ƙwayoyin shimfiɗa suke hayayyafa, kuma ta ƙofofin da ke jikinsu suke shiga: mafi yawan bairus ɗin mura na dangin raino ta ICAM-1, bairus ɗin korona, SARS-CoV-2, kuma ta ACE2. Ƙwayar da ta kamu tana sakin intaferon, sinadarin da Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a birnin Landan a 1957, wanda ke faɗakar da maƙwabta su rufe ƙofa su kunna ɗaruruwan ƙwayoyin gado masu hana bairus yaɗuwa. Akwai nau'insa da ake kira lamda, da aka gano a 2003, wanda makarɓinsa ya fi yawa a kan ƙwayoyin shimfiɗa, don haka yakan yi aikinsa a wurin ba tare da ya girgiza jiki duka da zazzaɓi ba.

Lokaci shi ne komai a wannan yaƙi. Intaferon da ya fito da wuri yakan kashe wutar tun tana ƙarama, wanda ya makara kuwa yakan tarar bairus ya riga ya bazu, sai kemokin su ci gaba da kiran ƙwayoyin garkuwa har huhu ya cika da su. A shekarar 2020 an gano cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na waɗanda korona ta kai su bakin mutuwa suna ɗauke da antibodin da ke kashe intaferon ɗin jikinsu. A wannan shekarar kuma gwaji a kan ɓeraye ya nuna cewa intaferon lamda idan ya daɗe yana zuba yakan hana shimfiɗa gyara kanta, abin da ke buɗe wa bakteriya hanya bayan bairus ya wuce.

Ga masu asma akwai ƙarin nauyi, domin bairus ɗin mura shi ne kan gaba wajen tayar musu da ciwo, musamman yara. Kamuwar tana sa shimfiɗa ta saki IL-33 da IL-25 tare da intaferon, sai kumburin alaji ya hau kan na bairus. Wani bincike na 2005 daga Southampton ta Ingila ya samu cewa ƙwayoyin shimfiɗar masu asma suna da rauni wajen fitar da intaferon, ko da yake binciken da suka biyo baya sun ga haka a wasu marasa lafiya, ba su gani a wasu ba.

Tunda iska ba ta rabuwa da ƙura da ƙwayoyin cuta, me ya sa huhu ba ya kumbura kullum?

Wannan ita ce tambayar da, a ganina, ba a ba ta haƙƙinta, domin an fi zumuɗin maganar yadda shimfiɗa ke tayar da yaƙi, alhali mafi yawan rayuwarta a kwantar da shi take yi. Kashi mafi girma na abin da aka shaƙa majina ce ke kama shi, geza ta share shi, ba tare da wata ƙwayar garkuwa ta sami labari ba. A cikin ruwan da ke saman shimfiɗa akwai sinadarai masu kashe bakteriya a shiru, irin su laisozayim, wanda Alexander Fleming ya fara ganowa a majinar hanci ya kuma wallafa a 1922. Shimfiɗa tana kuma ɗauko antibodin IgA daga ƙarƙashinta ta ratsa da shi ta cikin jikinta ta ajiye a sama, inda yake ɗaure ƙwayar cuta ba tare da tayar da kumburi ba.

Dangantakarta da makurofaj ɗin da ke zaune cikin jakunkunan iska ta fi komai nuna wannan iko. Waɗannan manyan ƙwayoyi masu haɗiye datti ba sa girma su yi aiki sai da wani saƙo, GM-CSF, da shimfiɗar jakunkunan ke ba su. Mutanen da jikinsu ke haɗa antibodi a kan wannan saƙo, makurofaj ɗinsu yakan kasa share tsohon maiƙo, har jakunkunan su cika da shi numfashi ya yi wuya. Ita wannan shimfiɗar da ke ciyar da su, ita ce kuma ke riƙe da su: tana ɗauke da furotin CD200 da ke dafa makarɓinsa a jikin makurofaj, tana kuma kunna wani saƙo, TGF-beta, a kusa da su, duka biyun suna ce musu su yi haƙuri. Idan shimfiɗa ta mutu a wani wuri, hannun da ke dafe da su ya ɗaga, sai su farka da kansu.

Ana ma iya horar da wannan haƙuri. A 2015 wani bincike daga birnin Ghent na Beljiyam ya nuna cewa ɓerayen da ake shaƙa wa ƙurar gona kaɗan-kaɗan ba sa kamuwa da asmar ƙwarin ƙura, domin shimfiɗarsu ta ƙara haɗa wani furotin, A20, mai taka wa NF-kB birki. Da aka cire A20 daga shimfiɗar kaɗai, kariyar ta gushe.

Saƙon daga shimfiɗa zuwa garkuwa kawai yake tafiya, ko yana dawowa?

Yana dawowa, kuma dawowar ce ke mayar da kumburin kwana biyu ya zama ciwon shekaru. IL-13 da ƙwayoyin garkuwa suka saki a kan shimfiɗa yake fara aiki: yana rage masu geza, ya yawaita masu majina, ya sa su fi fitar da MUC5AC, wanda majinarsa ke da kauri da danƙo har takan liƙe a bangon bututu ta toshe shi. Yana kuma sassauta ɗinkin da ke tsakanin ƙwayoyin, ya sa su saki kemokin mai kiran ƙarin iyosinofil. Iyosinofil ɗin da suka iso suna zubar da furotin masu guba da ke ɓamɓare shimfiɗar, shimfiɗar da ta ɓamɓare kuma ta sake sakin IL-33, haka abin yake ta kewayawa. Wanda ya duba kakin mai asma a madubin likita yakan ga dunƙule-dunƙulen ƙwayoyin shimfiɗa da suka ɓallo tare, wasu da gezarsu a jiki, a gefensu kuma ga siraran lu'ulu'u masu tsini biyu da suka samu daga ragowar iyosinofil.

Shimfiɗar da ke fama da rauni tana kuma yi wa abin da ke ƙarƙashinta magana, ta sa ƙwayoyin da ke saƙa zare su kauraro bangon, tsoka ta ƙaru, bututun ya ƙuntata. Wani gwaji na 2011 a kan masu asma ya nuna cewa tsukewar bututu kaɗai, ko da ba a ƙara kumburin alaji ba, ta isa ta jawo wannan sauyi, saboda matsin da take yi wa ƙwayoyin shimfiɗa.

Wace hujja ce ta nuna shimfiɗa na cikin masu jawo asma, ba wadda asma ta faɗa wa kawai ba?

Hujja ta farko daga gado ta zo. Da aka fara kwatanta ƙwayoyin gadon dubban masu asma da na marasa ita, daga 2007 zuwa 2011, wuraren da suka fi fitowa fili sun haɗa da IL33 da makarɓinsa da TSLP, da kuma wani yanki a kan kuromosom na 17 mai alaƙa da asmar yarinta. Daga baya aka ƙara CDHR3, wanda a 2015 aka gane cewa shi ne ƙofar da wani nau'in bairus ɗin mura ke bi ya shiga ƙwayoyi masu geza. A ƙasar Aisilan kuma an samu mutanen da aka haifa da IL33 guda mai naƙasa, aka ga iyosinofil ɗinsu kaɗan ne, asma kuma ba ta cika kama su ba.

Ta biyu gwajin ɓeraye ne da Hamida Hammad da Bart Lambrecht da abokan aikinsu suka wallafa a 2009. Ta hanyar dashen ɓargo sun samar da ɓerayen da ƙwayoyin garkuwarsu ke da TLR4 amma bangon huhunsu ba shi da shi, da kuma akasin haka. Da aka shaƙa musu ƙwarin ƙura, waɗanda bangon huhunsu ba ya ji ba su yi asma ba, duk da cewa garkuwarsu lafiya lau take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, kuma ta kashe 455,000 a wannan shekarar, saboda haka sanin inda ciwon ke farawa ba ƙaramin al'amari ba ne.

A ciwon huhun masu shan sigari ma haka abin yake?

Mai magana ɗaya ce, amma saƙon ya bambanta. Hayaƙin taba, da na itace da gawayi a ɗakin da iska ba ta ratsawa, yana gajarta geza, ya rage yawan masu ita, ya mayar da wasu wuraren shimfiɗa kamar fata mai kauri. Shimfiɗar da ta lalace haka ba ta iya ɗauko IgA yadda ya kamata, sai bakteriya su sami wurin zama a ƙananan bututu. Babban saƙon da take saki a nan shi ne IL-8, mai kiran fararen ƙwayoyin jini masu suna nutrofil, su kuma nutrofil suna zuwa da wani sinadarin yanka, elastes, wanda ke cin zaren roban huhu har bangon jakunkunan iska ya rushe. Wannan shi ne ciwon toshewar huhu mai daɗewa da likitoci ke taƙaita sunansa da COPD, wanda ya kashe mutum miliyan 3.23 a 2019, kuma kumburinsa yakan ci gaba ko bayan mutum ya daina shan taba.

Ciwon gado na sistik faiburosis ya nuna abin ƙarara, domin a can ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace, CFTR, wadda aka gano a 1989, kuma aikinta a shimfiɗa yake: fitar da kulorayid da baikabonet zuwa ruwan sama. Rashinta yana busar da majina ya sa ruwan ya yi tsami, sinadaran kashe bakteriya su yi rauni, daga nan nutrofil su cika bututun tun mutum yana yaro.

Shin shimfiɗa tana tuna abin da ya taɓa samunta?

Akwai alamar haka. A 2018 an ɗebo ƙwayoyin tushe daga tsiron cikin hanci na masu kumburin alaji, aka rene su makonni a wurin da babu IL-13, amma suka ci gaba da nuna halin waɗanda IL-13 ke taɓawa. Tunda daga ƙwayoyin tushe sababbi ke fitowa, halin yana iya bin 'ya'yansu.

Ta yaya masu bincike ke ganin duk wannan, alhali abin yana can cikin ƙirji?

Likita yana zura siririn bututu mai kyamara ta hanci ko baki, ya goga ɗan burushi a bangon hanyar iska, ya fito da ƙwayoyi. A ɗakin bincike sai a shuka su a kan wata 'yar rariya mai ƙananan ƙofofi, abinci a ƙasa, ruwa a sama. Bayan sun rufe rariyar sai a tsotse ruwan saman a bar su suna fuskantar iska kamar yadda suke a jiki. Cikin makonni uku zuwa huɗu sukan rarrabu da kansu, wasu su fitar da geza, wasu su fara majina, har mai dubawa a madubi ya ga majinar tana juyawa a cikin kwanon kamar ruwan da aka motsa da cokali. A kan wannan ake zuba bairus ko hayaƙi ko IL-13, a auna abin da suka saki ta sama da ta ƙasa. Yanzu kuma ana iya karanta ƙwayoyin gadon da kowace ƙwaya guda ta kunna, dabarar da ta tono nau'o'in da ba a san da su ba. Sai dai kwano ba huhu ba ne, ɓera kuma ba mutum ba ne, shi ya sa ba a amincewa da sakamako sai ya tabbata a jikin marasa lafiya.

Wannan ilimi ya amfani mara lafiya, ko a ɗakin bincike ya tsaya?

Ya amfana. Sitiroyid ɗin shaƙa, wanda shi ne ƙashin bayan maganin asma, a kan shimfiɗa yake fara sauka, kuma wani babban ɓangare na aikinsa shi ne hana ta sakin saƙonnin kira. Wannan ne dalilin da ya sa ake shaƙarsa a kai a kai ko da mutum yana jin sauƙi, domin maganin buɗe bututu yana sassauta tsoka ne kawai, ba ya taɓa maganar da ke gudana a ƙasa. Akwai kuma gwajin numfashi da ke sauraron shimfiɗa kai tsaye: IL-13 yana sa ta haɗa iskar naitirik oksayid, sai mara lafiya ya hura cikin na'ura na daƙiƙa 10 a auna. A babban mutum, ƙasa da 25 a ma'aunin na'urar yana nuna kumburin nau'i na biyu ba shi da ƙarfi, sama da 50 kuma yana nuna yana nan, kuma da alama sitiroyid zai yi aiki.

Ga masu asma mai tsanani an samar da allurai masu toshe saƙo ɗaya-ɗaya. Mepolizumab yana kama IL-5, dupilumab yana toshe makarɓin da IL-4 da IL-13 ke tarayya a kansa, kuma a 2024 an amince da shi ga masu COPD da iyosinofil ɗinsu ya yi yawa. Tezepelumab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Disambar 2021, shi ne na farko da ya toshe saƙon shimfiɗa kanta, wato TSLP. A babban gwajinsa, mai mutum sama da 1,000, ya rage tashin asma da kashi 56 cikin 100, kuma ya yi amfani har ga waɗanda iyosinofil ɗinsu bai yi yawa ba, ko da yake amfanin ya fi girma ga masu yawan. Magungunan toshe IL-33 kuwa sakamakonsu a COPD ya zo a gauraye, wani gwaji ya yi nasara wani bai yi ba. Abin da ke damuna shi ne tsadar waɗannan allurai, a duniyar da mafi yawan masu mutuwa da asma suke a ƙasashen da ko sitiroyid ɗin shaƙa mai araha bai wadata ba.

Shimfiɗar da ta lalace tana iya komawa daidai?

Ya danganta da zurfin ɓarnar. Bayan mura ko mashaƙo, ƙwayoyin da ke bakin raunin suna shimfiɗewa su rufe gurbin cikin kwanaki, ƙwayoyin tushe su hayayyafa, amma geza takan ɗauki makonni kafin ta cika, wanda yana cikin dalilan da ke sa tari ya daɗe bayan zazzaɓi ya tafi. Bangon jakunkunan iska da ya riga ya rushe ba ya sake ginuwa, haka ma tabon da ya kafu a huhu. A manyan bututu kuwa labarin ya fi daɗi. Wani bincike da aka wallafa a 2020 ya karanta kayan gadon ƙwayoyin shimfiɗa ɗaya bayan ɗaya, ya samu cewa na masu shan taba suna ɗauke da dubban kurakuran da hayaƙi ya jawo, amma a jikin waɗanda suka daina akwai wani kaso mai yawa na ƙwayoyin da kusan babu tabon hayaƙi a jikinsu, kamar na wanda bai taɓa sha ba, kuma an ga haka har a mutanen da suka shafe shekaru 30 zuwa 40 suna sha kafin su bari.